AMSAR TAKARDUNKU: Kwana Gindin Mota Ko Zango A Bayan Fili A Bikin Ingal?

Takardar wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi kuma ɗan kasuwa a ƙasar Malumfashi. Ya ce su biyar ne suka yi niyyar zuwa bikin makiyaya na Ingal a Jamhuriyar Nijar da ɗan kayan sayarwa, su kuma dubo dabbobi. To gardama ta kaure tsakaninsu tun ba a tashi ba. Direba ya ce a kwana gindin mota a tsakiyar taro, wani dattijo a cikinsu kuma ya ce a bar mota inda ake ajiye motoci, a ɗauki kaya a ka, a taka zuwa bayan fili a kafa zango. Shi ne yake tambaya wanne ya fi.

To Malam, mun gode da takarda. Bari mu fara fayyace wa waɗanda ba su san wurin ba. Ingal wani tsohon gari ne mai gonakin dabino, kimanin kilomita 160 yamma da Agadas. Duk shekara idan damina ta zo ƙarshe, galibi cikin watan Satumba, Buzaye da Fulanin Bororo sukan koro raƙuma da shanu da tumaki zuwa filayen da ke kewaye da garin, saboda ƙasar wurin da ruwanta da ciyawarta suna da gishiri, dabba kuwa tana bukatarsa. Wannan ne ya sa da Faransanci ake ce wa taron Cure Salée, wato shan gishiri don magani. A arewa da garin ne Tagidda take, inda ake haɗa gishirin dabbobi tun kaka da kakanni. Bikin hukuma 'yan kwanaki ne, ana tseren raƙuma, ana kiɗa, samarin Bororo suna rawarsu, amma makiyaya sukan yi makonni a yankin. Daga nan gida, hanyar da aka saba bi ita ce Katsina, Jibiya, Maraɗi, a hau titin Tawa, a wuce Abalak, sannan a ratse zuwa Ingal.

Amsata a taƙaice ita ce: kayanka ne za su zaɓa maka wurin kwana. Direba da dattijo kowa da gaskiyarsa, sai dai kowa irin tafiyarsa yake tunani.

Mu fara da ruwa, don shi ne uban kaya. A wani babban biki da ake yi a hamadar Black Rock ta jihar Nebada a Amurka, mai suna Burning Man, inda mutane wajen dubu 70 kan taru ƙarshen watan Agusta, masu shirya taron suna gaya wa kowa ya taho da galan ɗaya da rabi na ruwa don kowace rana, wato kusan lita 6. Mu ɗauki wannan lissafi. Ku biyar, kwana uku, lita 90 ke nan, jarka huɗu da rabi irin mai lita 20. Kowace jarka nauyinta ya kai kilo 20. Ba mu sa ruwan alwala sau biyar na mutum biyar ba, ba mu sa na wanke tukunya ba. Yanzu ka ɗora buhun shinkafa ko gari, da itace ko gawayi, da tamfol, da tabarmi, da gidan sauro. Idan zangonku yana da nisan tafiyar minti 20 daga mota, sawu nawa za ku yi? Baro da kurar ruwa da muke turawa a Funtua ba su da wani amfani a cikin rairayi, tayar nutsewa take yi. Sai dai ka yi jinga da mai jaki ko mai amalanke, shi ma kuma ranar biki ba farashin ran kasuwar Bakori zai gaya maka ba. Kada kuma ka ce ai za ku sha na rijiyar da ke kusa. Rijiyoyin makiyaya layi ake bi, dabbobi ne a gaba, kuma ruwan wasunsu da gishiri-gishiri yake, abin da ke gyara raƙumi yana iya ɓata cikin baƙo.

Shi wancan biki na Amurka, ba al'adarmu ba ce, kuma akwai abubuwa a cikinsa da ba za mu so 'ya'yanmu su gani ba. Na kawo shi ne don sun daɗe da ware wani yanki a bayan garin tantunansu inda ba a yarda mota ta shiga ba. Mai son wurin sai ya ajiye motarsa a bakin layi, ya yi jigilar kayansa da ƙafa. Abin da yake samu shi ne fili da shiru, nesa da ƙarar janareta da kiɗa. Sai dai su can ba a saye da sayarwa a filin, in banda ƙanƙara, saboda haka babu mai kayan jari da zai tsare. Kai kuwa Malam da jarinka za ka.

Nan ne maganar direba take da nauyi. In kayanka buhuna ne, ko atamfofi, ko huhun goro, ko barkono da citta, to ba za ka yi barci mai daɗi ba kana can bayan fili alhali dukiyarka tana kan mota, ka bar wa yaron mota amana. Mai saye ma inda taro yake nan yake zuwa. A tsakiyar fili ne masu abinci suke, nan jami'an tsaro suke, nan ma'aikatan lafiya kan kafa rumfarsu. In kunama ta harbi wani da tsakar dare, ko zazzaɓi ya kayar da shi, mai kwana kusa da mota ya riga ya ci rabin tafiya.

Amma gindin mota ma ba aljanna ba ne. Ƙura da hayaƙi da hayaniya ba sa yankewa har asuba, wurin zagayawa kuwa ya zama aiki. Masu yankan aljihu cikin cunkoso suke sana'arsu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wuta: rumfunan tabarma da tamfol manne da juna, ga jarkokin man fetur a ƙarƙashin motoci, ga kowa da murhunsa. Alhazanmu na 1997 ba su manta gobarar Mina ba, wadda ta tashi daga tukunyar gas ta girki, iska ta kwashe ta cikin tantuna, mutane fiye da 340 suka rasu. Bayan ta ne Saudiyya ta kakkafa tantuna marasa kama wuta. Ingal babu irin waɗannan. Kuma Allah Ya kiyaye, kada kowa ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin babbar mota don neman inuwa, direba na iya tayar da ita da duku-duku bai duba ba.

In kuwa babban abin da ya kai ka sayen dabba ne, to dattijo ya fi gaskiya. Makiyayi ba ya zama da garkensa a tsakiyar motoci, yana can gefe inda ciyawa take. Wanda ya sauka kusa da su, ya gaisa, aka sha shayi tare, yakan ga dabba tun da safe kafin ta shiga hannun dillalai, ya ga tafiyarta da cin abincinta. Sai dai ka nemi izini kafin ka kafa sanda ko ɗaya, kada ka matsi tantin da iyalin mutane suke, kada kuma ka sauka a kan hanyar da dabbobi ke bi zuwa rijiya.

Wurin da za ka fi kiyayewa shi ne kwarin rafi, wanda mutanen Nijar ke ce wa kori. Za ka gan shi a bushe, ga rairayi mai laushi, ga inuwar itatuwa, har ka ce an yi maka shimfiɗa. Ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa, wanda ko hadarinsa ba ka gani ba, shi zai iso maka cikin dare. A farkon Satumban 2009 korin Telwa ya ɓalle ya rushe gidaje masu yawa a cikin Agadas kanta. Nemi tudu mai tsakuwa, ka share ƙarangiya, ka kakkaɓe takalmi kowace safiya. Mota ma a tudu za a ajiye ta, don filayen wajen Ingal laka ce, in ta jiƙa ko babbar mota sai ta kafe. Haka ta faru a wancan biki na Amurka a Satumban 2023: ruwa ya sauka, filin ya zama taɓo, aka hana motoci motsi kwanaki, sai masu ƙaramin kaya ne suka iya takawa kilomitoci zuwa bakin kwalta.

Da ni ne a cikinku, da sai mu rabu biyu. Mutum biyu da direba su kwana da kaya a gefen jerin motoci, can wajen da iska ke fitowa, ba a tsakiya ba. Uku su ɗauki tabarma da tamfol da jarka ɗaya su yi zango a inda za su iya hango motar, tafiyar da ba ta wuce minti 10 ba, a riƙa musanya kowane dare. Girki a yi shi wuri ɗaya, a zango, nesa da man fetur. Kuɗi kuma a raba su a jikin mutum biyu ko uku, kuma a canza su zuwa sefa tun daga Maraɗi. Mutum ɗaya kada ya kwana a daji shi kaɗai ko da wane dalili.

Kafin ku biya kuɗin mota, ku je ofishin shige da fice da na kwastan ku ji abin da ake ciki, domin Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, kuma a Mayun 2025 ta taɓa dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar sallah. Kada ka sayi raguna 20 su tsaya maka a kan iyaka kana ciyar da su. Ku tambayi direbobin tashar Jibiya halin tsaron hanya, ku yi tafiyar rana kawai. Sannan ka dubi gonarka: lokacin bikin shi ne lokacin da masara ke bushewa a ƙasar Funtua da Malumfashi, kuma zuwa da dawowa da zaman can zai ci muku mako guda ko fiye, saboda haka a san wanda aka bar wa karyar masara kafin a hau mota.