Isnadin intanet: wa ya faɗa, wa ya san shi?

A jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, haka nan a Maraɗi, Damagaram da Tawa, ɗalibin da anka ba aikin bincike bai cika farawa da ɗakin littattafai ba. Salularsa yake buɗewa. Abin da ya fara fitowa, in dai shafin yana da tsabta kuma yana ɗauke da tambari, shi ke shiga kundinsa na ƙarshen karatu.

Wannan ciwo ba na Nijar ba ne kaɗai. A shekara ta 2017 wasu masana biyu na jami'ar Stanford ta Amurka, Sam Wineburg da Sarah McGrew, sunka bayyana sakamakon wani gwaji da sunka yi wa mutum 45: malaman tarihi 10, ɗalibbai 25, da ma'aikata 10 waɗanda sana'arsu tantance labari a gidajen jarida. An ba su shafuka biyu masu magana bisa cin zalin yara a makaranta. Na farko na babbar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ne, wadda anka kafa tun 1930, mai mambobi dubbai. Na biyu na wata ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle daga gare ta a 2002 saboda saɓanin aƙida, ta kuma ɗauki suna mai kama da na uwar.

Fiye da rabin ɗalibban sun fi amincewa da ƙaramar. Malaman tarihi ma, duk da digirinsu, rabi kawai sunka zaɓi babbar. Amma masu tantance labari, ko ɗaya bai ruɗe ba.

Bambancin yana ga hanya. Ɗalibbai da malamai sun tsaya cikin shafin suna duba kyawonsa, suna karanta yabon da ya yi wa kansa. Masu tantancewa kuwa ba su daɗe ciki ba: sun buɗe wasu shafuka a gefe, suna neman abin da wasu ke faɗi game da masu shi.

Almajirin da ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ji wannan baƙo ba. Tun zamanin Buhari da Muslim, ba a karɓar ruwaya don daɗin lafazinta. Sai an bi isnadi, an binciki kowane mai ruwaya, an ji shaidar da mutanen zamaninsa sunka yi masa. Abin takaici, ɗalibin da ya san haka a zaure yakan manta da shi da zarar ya taɓa waya.

Koyar da hanyar ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Malami na iya kawo shafuka biyu bisa batu guda, misali farashin gero ko rigakafin sanƙarau, ya ba aji minti biyar. Kowa ya fita daga shafin, ya gano mai shi da wanda ke biyan kuɗinsa, ya bi adadin da anka ambata har zuwa hukumar da ta fara fitar da shi, kafin a yarda ya karanta layi na biyu.