WANKIN CIKI DAGA RUMBU YA KE FARAWA

In kaka ta yi a Kuyello da sauran garuruwan gabashin ƙasar Birnin Gwari, masara da dawa da wake da gyaɗa sun shigo gida, kuɗi ya kan zauna a aljihun manomi. A lokacin ne kuma masu tallan magani su kan yawaita a kasuwa, ko wane da kwalabensa da lasifikarsa, yana cewa nasa shi ne mai wanke ciki, ya wanke jini, ya fid da dattin shekara goma. Akawuna da 'yan kasuwa masu wayar hannu su kuma ana yi musu tallan wani shayi wai mai rage tumbi, ko a ce mutum ya yi kwana bakwai ba ya cin kome sai ruwan 'ya'yan itace, wai jikinsa ya tsarkaka. Turawa suna kiran wannan ditoks, watau fid da guba daga jiki.

Neman lafiya ba laifi ba ne, lafiya uwar jiki. Amma ya kamata mai gona ya san inda guba ta ke shiga jikin iyalinsa tukuna, kafin ya ba da kuɗin guminsa a fitar masa da ita.

MASU WANKI NA CIKIN JIKI

Allah ya riga ya ajiye wa ko wane mutum masu wanki biyu waɗanda ba su hutu, watau hanta da ƙoda. Hanta ita ke karɓar abin da hanji ya tsotsa, ta narkar da mai cutarwa. Ƙoda kuwa tace jini ta ke yi. Ruwan da ƙodojin babban mutum su ke tacewa a kwana guda ya kai wajen lita 180, watau garwa goma ke nan, su mai da kusan duka cikin jini, su fid da lita ɗaya da rabi ta zama fitsari tare da dattin.

A shekarar 2015 waɗansu masana biyu na ƙasar Ostireliya suka tattara binciken da aka yi a kan wannan ditoks, ba su sami wani gwaji ingantacce da ya nuna yana fid da guba daga jikin mutum ba. Da yawa daga cikin shayin nan na rage tumbi, ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanni suka sani tun da can maganin zawo ne. Mai sha ya kan ga ya yi sakayau, ya hau sikeli ya ga ya ragu, alhali kuwa ruwa ne ya zuba, kitsen yana nan inda ya ke. In ya daɗe yana sha, gishirin jikinsa ya ragu, ƙarfi ya tafi, hanji kuma ya saba, har ya ƙi aiki sai da shi. Mace mai ciki da ƙaramin yaro da tsoho, zawon da aka jawo da gangan yana iya kai su ga halaka. Wanda ya ke zaton tsutsar ciki ke damunsa, akwai ƙwayarta a asibiti, araha ce, kuma an san ma'auninta.

GUBAR FUMFUNA

Guba ta gaskiya wadda ta fi kusa da gidan manomi tana cikin hatsin da bai bushe ba. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bi sawu, sai aka tarar ƙuliƙulin gyaɗa ne da aka kawo daga Barazil aka ba su, fumfuna ta kama shi. Gubar da fumfunar nan ta ke haifarwa ita a ke kira afulatoksin. Masara da gyaɗa ta fi kamawa. A shekarar 2004 a ƙasar Kenya mutum 317 suka kwanta saboda cin masara mai ita, 125 daga cikinsu suka rasu.

Wannan na masu ci da yawa a lokaci guda ke nan. Wanda ya ke cin kaɗan-kaɗan kullum ba ya jin kome sai bayan shekaru, sa'an nan hanta ta lalace, har ta kai ga sankarar hanta, balle ga wanda dama yana da ciwon hanta irin wanda likitoci su ke kira na B. Yara kuma ta kan tauye musu girma. Abin tsoro shi ne wuta ba ta kashe ta: ko an tuƙa tuwo, ko an soya gyaɗa, tana nan. Ba kuma wani tsimi ko shayi da zai fid da ita bayan ta shiga.

Ƙasar Birnin Gwari ƙasar masara ce, ruwa kuma ya kan kai Oktoba, lokacin da a ke karyar masarar fari. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin, manoma da yawa a gurguje su ke kwashe amfani, ɗanye-ɗanye, a jibge a ɗaki. A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhun da aka yi, mutane suka koma gonakin da suka bari. Duk inda hali ya yi, to, ya kamata a koma wa aikin kaka na natsuwa. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

Kada a shanya masara ko gyaɗa a kan ƙasa tsirara, ko a gefen kwalta. A shimfiɗa tamfol ko tabarma, a riƙa juyawa, a rufe in hadari ya taso.

A bar masara ta bushe har ruwan jikinta ya sauko kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da ma'auni ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba tsaba ta kai sulusi, ya sa busasshen gishiri cokali biyu, ya toshe ya girgiza, ya ajiye minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da saura, a mai da ita rana.

A tsince tsabar da ta yi kore ko baƙi, da wadda ƙwaro ya huda, da gyaɗar da ta yamutse. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka fumfuna ta ke bin hudar ƙwaro.

Abin da aka tsince kada a yi ƙuliƙuli da shi, kada kuma a ba saniyar tatsa, domin gubar ta kan fito cikin nono. A binne shi ko a ƙone.

A ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango, a rumbu ko ɗakin da ba ya yoyo.

Har wa yau, masanan cibiyar IITA ta Ibadan sun fito da wani abu mai suna Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014. Tsabar dawa ce shuɗiya da aka shafa wa wata fumfuna marar guba. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu ko uku kafin masara ko gyaɗa ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Gwaje-gwajen gona sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Mai so ya tambayi malamin gona.

MAGANIN ƘWARI DA DALMA

Guba ta biyu mutum ne da hannunsa ya ke zuba ta. Waɗansu 'yan kasuwa su kan yayyafa wa wake fiya-fiya don kada ƙwaro ya ci. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan wannan magani da aka samu a jiki. Abin da Bature ya ƙi saya, shi ne yaran gida su ke ci a ɗan wake. Ga shi kuwa akwai mafita. Buhun nan mai ruɓi uku, wanda a ke kira PICS, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, ba ya bukatar magani ko kaɗan. A zuba busasshen wake, a ɗaure ko wace leda dabam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Jarka ko duro mai marfi mai kamawa, in an cika shi fal, haka ya ke aiki. Kuma kada a ɗebi ruwan sha ko a zuba mai a cikin galan ɗin maganin feshi, ko an wanke shi sau goma.

Ta uku ta shafi masu haƙar zinariya, ga shi kuwa ƙasar Birnin Gwari tana da su. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, don ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ƙurar dalma ta shiga abinci da hannun yara. A 2015 aka sake irinta a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ba jiƙo ne ya ceci waɗanda suka tsira ba. Ƙasar tsakar gida aka kankare aka kawo sabuwa, likitoci kuma suka ba da magani na musamman. Mai aikin ma'adini kada ya kawo dutse gida, kada a niƙa shi a injin hatsi ko a daka a turmin abinci, ya kuma yi wanka ya sake tufa kafin ya ɗauki ɗansa.

TUKUNYA MAI SAUƘI

In an tsare rumbu, saura tukunya. A nan sai a bambanta. Manomin da ya yini yana huɗa ko kaftu, malmalar tuwo ba ta yi masa yawa ba, jikinsa zai ƙone ta. Amma akawu da ya yini a kujera, da ɗan tireda da ya yini a kan benci, in suka ci irin ta manomi, suka bi da shayi mai kauri da lemon kwalba, su ne hawan jini da ciwon sukari su ke fako.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin miya da burodi. Dunƙulen miya kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Uwargida da ta jefa biyar ko shida a tukunya, ta kuma ƙara gishiri, ta wuce iyaka nesa. A rage dunƙule, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Daddawar kalwa ba ɗanɗano kaɗai ta ke bayarwa ba, tana gina jiki kamar wake. Sukari kuma Hukumar ta ce kada ya wuce kamar ƙananan cokula 12 a yini, in an tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda ta kan ɗauki 8 ko 9. Zoɓo da kunun tsamiya na gida, in an sassauta sukari, sun fi ta nesa.

Hukumar ta kuma ce a ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 ko fiye ko wace rana. Wannan ba sai an je Kaduna an sayo ba. Ga zogale a danga, ga rama da yakuwa da lalo da alayyafo a bayan gida, ga kabewa da kuɓewa a gona. Kwaɗon zogale da tsabtataccen ƙuliƙuli, da faten tsaki mai ganye da yawa, da dambu, da miyar taushe, duk abinci ne mai sauƙi mai riƙe ciki. Alala ta fi ƙosai sauƙi, gashi da dafuwa sun fi suya, man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi kuwa a zubar. Wake a jiƙa shi tun dare maimakon a cika masa kanwa, don kanwa ta kan kashe wani sashe na bitamin B da ke ciki. Ganyen kuka da zogale a shanya su a inuwa, don rana mai zafi tana rage amfaninsu. Wanda ya ke cin ganye da wake da hatsi, yana shan ruwa isasshe, cikinsa ba ya ɗaurewa balle ya nemi mai wanke shi.

Amma fa a lura, rage mai da tuwo na manya masu ƙiba ne. Yaron da aka yaye da mace mai shayarwa ƙari su ke bukata. A sa wa kunun yaro gyaɗa mai kyau ko garin waken soya, da ɗan manja, a ba shi ƙwai da nono da gwanda in akwai. Ƙwan da a ke kai wa mai shayi duka, a bar wa yaro ko guda.

ITATUWAN ABINCI

Rabin miyar nan daga itace ta ke zuwa. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya kuma zama gandun daji na ƙasa a 1999, shaida ne ga irin arzikin itatuwan ƙasar Birnin Gwari. A gonaki kuwa ɗorawa ita ce daddawa, kuka ita ce miya, garin 'ya'yanta ya fi lemo bitamin C, kaɗanya ita ce mai, tsamiya ita ce kunu. Wanda ya sare ɗorawa don buhun gawayi ya sayar da daddawar shekara da shekaru a kan kuɗin yini guda, ya koma sayen dunƙule. Mai sharar gona ya bar tsiron waɗannan itatuwa, ya kewaye su daga wuta da awaki, ya kuma dasa zogale da gwanda da mangwaro a gida tun farkon damina.

Kuɗin kwalba biyu ko uku na maganin wankin ciki, in an tara, sun kama hanyar sayen tamfol ko buhu mai ruɓi uku. Wanda kuwa ya ga idonsa ya yi rawaya, ko ƙafa ta kumbura, ko ciwon kai ya ƙi sakinsa, ya tafi asibiti a gwada jininsa, kada ya tsaya gaban mai lasifika. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a ci cikin ƙoshin lafiya, amin.