Kafin Ka Biya Kuɗin Jif Ta Hannu

Duk wanda ya bi hanyar ƙauye da damina, ko ya ratsa unguwa bayan an tafka ruwa, ya san dalilin da ya sa mutane ke son jif. Tana da tsayi, tana kwashe iyali da kayansu, ga kwarjini in an faka ta a ƙofar gida. Sai dai sabuwa fil ta fi ƙarfin yawancin jama'a, balle tun da naira ta faɗi a 2023. Shi ya sa galibin jif ɗin da ke yawo a titunanmu na hannu ne: ko Beljiyam da aka shigo da su daga waje, ko waɗanda suka riga suka sha hanya a nan gida.

Kasuwar kuwa ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo, Najeriya na sahun gaba wajen saye. A cikinsu akwai masu lafiya, akwai kuma waɗanda masu su suka yar. Sunan kamfani kaɗai ba ya raba maka su. Tarihin motar ne ke rabawa: inda ta zauna, abin da ya same ta, da irin hannun da ya riƙe ta. Akasarin wannan tarihi kuma ana iya tono shi tun kuɗi na aljihu.

Jif iri biyu ce

Land Cruiser da Prado da 4Runner da Lexus GX bodinsu a kan shasin ƙarfe mai zaman kansa aka ɗora, gini irin na Hilux. Su aka yi wa rairayi da burji da hanyar gona. RAV4 da Highlander da Honda CR-V da Lexus RX kuwa bodi da shasi a haɗe suke, Highlander ta farko ma a kan ginin Camry aka yi ta, kuma da yawansu tayoyin gaba kaɗai ke ja. Wanda ya sayi irin wannan ya riƙa lafta mata buhuna yana tsallaka rafi da ita, zai ce ba ta da ƙarko, alhali shi ya sa ta aikin da ba nata ba.

Mai jan taya huɗu ita ma da nata nauyin. Tana da ƙarin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da dogon shaf, da difarenshal na baya, kowanne da mansa da ba kasafai ake tunawa da canza shi ba. Wadda ke jan huɗun koyaushe tana son tayoyinta duka su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya. In aka gauraya mata, a hankali wannan akwatin yake lalacewa. In zirga-zirgarka daga gida zuwa ofis ce da kai yara makaranta, ba ka da bukatar ɗaukar wannan ɗawainiya.

Abin da Beljiyam ke zuwa da shi

Jif da yawa da ke sauka a tashar Tin Can ta Legas daga gwanjon Amurka suke, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka ga gyaransu ba zai biya ba. Wannan kaɗai bai kashe mota ba. Wadda aka daki bambarta daban, wadda shasinta ya lanƙwashe aka miƙe shi da wuta daban. Ta biyun ba ta daina cin taya, kuma in hatsari ya sake afkuwa ba za ta kāre na ciki kamar da ba.

Mafi sharri ita ce wadda ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Irin wannan mota ana wanke ta, a busar, a fesa turare, ta tashi lafiya lau. Sai bayan watanni tsatsa ta gama cin mahaɗan waya: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta maƙale, jibi ƙwaƙwalwar motar ta mutu, lantarishin ya yi ta lalube. Alamominta ba sa ɓuya ga mai haƙuri. Ɗaga dardumar ƙasa ka shinshina. Leƙa ramin safayar taya ko akwai busasshen laka. Duba notunan ƙafar kujera ko sun yi ja. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, don ruwa kan bar shati a inda mai wanki ba ya kai wa.

Sai tsatsa. A Kanada da arewacin Amurka ana watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma ƙarƙashin mota yake ci, sama na sheƙi. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2016 Toyota ta amince da sulhun kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia.

Mita ma kada ta ruɗe ka. Ta motar Amurka mil take ƙirgawa, mil 150,000 kuwa ya haura kilomita 240,000. Mayar da ita baya da kwamfuta ba wani aiki ba ne. In mita ta ce tafiyar kaɗan ce, amma robar birki ta siɗe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, to su ka gaskata.

Mabuɗin duk wannan shi ne lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin dogarin ƙofa. Rubuta ta a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka gan ta yadda take kafin fanal bita ya taɓa ta. Rahoton Carfax, da ake biyan kuɗi kaɗan, yana nuna hatsari da ambaliya da abin da mita ta nuna a shekarun baya. A motocin kasuwar Amurka, alama ta goma ita ce shekara: 8 na nufin 2008, A na nufin 2010. Wannan ya zama dole a duba, don yanzu ana sauya wa tsohuwar Prado ko Lexus fuska da fitilu, ta fito kamar 'yar bana, injin kuwa na nan da shekarunsa.

Wadda ta zauna a gida

Ita tarihinta ba ya intanet, a jikinta yake. Wasu makanikai, da sun ga mota na zafi, sai su cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye, maimakon su nemo asalin ciwon. Injin sai ya daina kai zafin da aka tsara masa, shan mai ya ƙaru. Ana ɗura ruwan rijiya a lagireto, tsatsa ta toshe shi. Ana fafe abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Ana zuba baƙin mai mai kauri don a danne ƙarar injin da ya gaji. Duk da haka, jif ɗin gida da ta zauna a hannun mutum ɗaya mai kula, wanda ka san shi ka san bakanikensa, ta fi Beljiyam da ba a san asalinta ba.

Kowane iri da ciwonsa

Nissan Murano da Rogue suna da giya mai suna CVT, wadda ba ta jure zafi da nauyi, kuma ba ta karɓar kowane mai sai nata. Koke ya yi yawa har kamfanin ya tsawaita garantinta zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 an san ta da lagireton da ke tsiyayar ruwa cikin giya. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai injin 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai. Lexus RX300 giyarta ce mai rauni. RX350 ta farko tana da wani bututun mai na roba da kan fashe, sai ka tambaya ko an maye shi da na ƙarfe. Range Rover da wasu Mercedes kan iska suke zaune maimakon sifirin, in jakar ta huje ka wayi gari motar ta durƙusa.

RX330 da Highlander mai silinda shida ta zamaninta bel ne ke juya taimin ɗinsu, ana canza shi wajen mil 90,000. Honda Pilot ma bel ce, in ya tsinke kan tafiya har injin yake taɓawa. Akwai kuma jakar iska ta kamfanin Takata, da aka janye miliyoyi saboda takan fashe da ɓarɓashin ƙarfe, zafi da laima na ƙara mata haɗari. Shafin hukumar NHTSA ta Amurka na nuna maka kyauta, da lambar shasi, ko motar na da gyaran da ba a yi ba. Sanin wannan ba ya nufin a guje wa waɗannan motoci gaba ɗaya. Yana nuna wa bakanike inda zai fara sa ido ne, ya kuma ba ka bakin neman ragi.

Ranar dubawa

Je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka yanka masa ladansa tun daga gida, a saya ko a fasa. Dillali la'ada yake nema, ba shi zai kwana da motar ba. Ku je da safe, ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an tayar da ita, ƙarar farko da hayaƙin farko sun wuce ka.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun gaban direba duka su kama, har da ta injin da ta jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ko an liƙe ta. Buɗe murfin baƙin mai: in ka ga kumfa mai launin shayi da madara, ruwa na shiga mai. Hayaƙi shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa gaskit ne. Man giya, a wadda ke da sandar awo, ya zama ja garau. In ya yi duhu yana ƙauri, giyar ta sha wuya.

A jona mata na'urar sikanin, wadda motocin Amurka ke da mazauninta tun 1996. Na'urar na iya nuna ko ba da jimawa ba aka goge laifuffukan da motar ta adana. Sannan ku tuƙa ta aƙalla rabin awa da na'urar sanyi a kunne: cikin cunkoso, kan babban titi, da kan gargada. Saurari canjin giya, ka sa ido kan allurar zafi. Daga nan sai rami, a haska ƙarƙashinta da tocila, a nemi sabuwar walda, da tsiyayar mai, da sabon baƙin fenti da aka lulluɓe tsatsa da shi. Taya ma tana da shekararta a jiki: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Mai motar da ya hana a kai ta rami ko a jona na'ura ya riga ya ba ka amsa.

Takardu da kuɗin riƙo

A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa hanyar Kwatano da mutanenmu suka saba. Kai takardun fito ofishin kwastam a tantance, ka kuma gwada lambar shasin da ke takarda da ta jikin mota harafi bayan harafi. Motocin sata ma na shigowa: a 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can. A rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu. Masu sayarwa kuma su ji tsoron Allah, ɓoye aibin haja haramun ne, ko da kuwa mai saye bai tambaya ba.

Saura lissafin riƙo. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu silinda takwas da yawa suka koma ado a gareji. Kafin ka ba da kafin alƙalami, zaga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tambayi kuɗin giya da injin da shokozoba na irin motar da kake so. In an ce sai an aika Legas, ko sai an yi oda daga waje, ka san abin da ke jiranka. Kada kuma ka zube duk abin da ka tara wajen saye. Ware wani abu na canza mayuka duka, da bel, da birki, da taya a watan farko.

Ɗan'uwa, araha ba ta ado, kuma ba a cinikin biri a sama. Kuɗin bakanike da na rahoton tarihi ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, giya kuwa in ta mutu sai ka ji a jikinka. Ka bincika lambar shasi, ka kai ta rami, ka tantance takardu. In ɗaya daga cikin ukun ya ƙi, ka riƙe kuɗinka ka ƙara gaba, mota ba ta ƙarewa a kasuwa.