Me ya sa dabarar ajiye abinci ta gagari manoman Isa da Sabon Birni?

Tun daga shekarar 2023 da farashin kayan masarufi ya yi tashin gwauron zabi a Najeriya, shawara guda ake ta nanata wa magidanta: a sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha, a ajiye, a ci da damina lokacin da ya yi tsada. A biranen Sakkwato da Kano da Kaduna, masu ɗan hali da dama sun bi wannan shawara, suka riƙa jibge buhunan gero da masara da shinkafa a ɗakunansu.

A Bafarawa da ke ƙaramar hukumar Isa, da ƙauyukan Sabon Birni, inda ake noma irin hatsin da wasu ke tarawa, shawarar ta fi ƙarfin manoma da yawa. Mutanen da suka gaji ginin rumbu kaka da kakanni su ne a yau suke rabuwa da amfanin gonarsu tun ƙurar sussuka ba ta kwanta ba, sannan su koma kasuwa su saye shi da tsada bayan wata shida ko bakwai.

Me ya tayar da farashin?

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka sakar wa kasuwa darajar naira, dalar da hukuma ke sayarwa a kan kimanin naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Kuɗin mota da takin zamani da maganin feshi duk suka bi sahu.

Yankin Gobir ya sami ƙarin nasa nauyin. Bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Sabon Birni na maƙwabtaka da jihar Maraɗi, kuma cinikin hatsi da wake da dabbobi tsakanin ɓangarorin biyu ya girmi ita kanta iyakar.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari a watan Yunin 2024. A watan da ya biyo baya aka amince da naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, kuɗin da a ƙarshen shekarar ba ya sayen buhun shinkafa mai kilo 50.

Rumbu, tsohuwar dabarar ƙasar Gobir

Ajiyar abinci ba sabon ilimi ba ne a ƙasar da ake yin ruwan sama wata uku zuwa huɗu, a ci abin da aka noma wata goma sha biyu. Manomi yakan ɗaure geronsa dami-dami, ya fitar da zakka, ya zuba sauran a rumbu ko rufewa ba tare da ya sussuke ba, domin gero a zangarniyarsa ya fi jure ƙwari, yana iya yin shekaru bai lalace ba.

Akwai kuma tsarin da ke kare rumbun. Da an gama aikin kaka, samari da magidanta sukan tafi cin rani, bakunan da ke ci a gida su ragu, abin da suka samo ya riƙe iyali. Babban rumbun gandu ba a cika buɗe shi ba sai ruwa ya sauka, lokacin da ake buƙatar ƙarfin noma kuma hatsi ya yi tsada. Jama'ar da ta ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin shekarun 1970, da na 1984, ba ta buƙatar a koya mata cewa don gobe ake wanke tukunya.

Sai dai ajiya tana da sharuɗɗa uku: mutum ya sami rarar da zai ajiye, ya sami wurin da abin zai tsira, ya kuma kasance da tabbacin cewa yana nan a garinsu ranar da zai buƙace shi. Rikicin 'yan bindiga ya rusa dukkan ukun.

Yadda sharuɗɗan suka rushe

Na farko, rara. A sassan Isa da Sabon Birni, inda yaran Bello Turji da wasu gungun 'yan bindiga suka daɗe suna cin karensu babu babbaka, an sha ba da rahoton ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi shuka, da kuma wani kafin a bar su su girbe. Gonakin da ke nesa da gari an bar su sun zama saura. Idan aka sace mutum, hatsi da dabbobi ne abin da dangi ke fara sayarwa domin haɗa kuɗin fansa. Wanda kuma ya ci bashi da damina don sayen taki ko ciyar da iyali, da kaka mai bashi ke zuwa, daidai lokacin da farashi ya fi faɗuwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, wurin ajiya. Rumbu ba ya ɓoyuwa. Ana hango shi daga bayan gari, kuma cikarsa shaida ce cewa gidan yana da abin hannu. Mahara sukan kwashe abin da za su iya ɗauka, su cinna wa sauran wuta. Abin da a da yake sutura ga maigida ya koma abin da ke jawo masa ido.

Na uku, tabbacin zama. A watan Mayun 2020 an kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki. Tun daga 2019 dubban mutanen yankin suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu suka koma garuruwan Isa da Sabon Birni da birnin Sakkwato. Mai gudun tsira da dare yana iya soke kuɗi a lalita, amma ba zai ɗauki dami hamsin a ka ba. Saboda haka sayar da hatsi da wuri ba rashin tattali ba ne. Lissafi ne na wanda ya san gobe ba a hannunsa take ba.

Lissafin yana da tsada. A ɗauka, a matsayin misali kawai, manomi ya sayar da buhu goma da kaka a kan naira 40,000 kowanne. Idan farashi ya kai naira 60,000 a watan Yuli, kuɗin nan ba za su dawo masa da cikakken buhu bakwai ba. Fiye da buhu uku sun tafi ba tare da fari ko ambaliya ba. Wannan kuwa idan kuɗin sun kai Yuli ke nan, ba su narke a hidimar yau da gobe ba.

Ina hatsin ke zuwa?

Hatsin da ya bar ƙauye bai daina zama a ajiye ba, mai ajiyar ne ya sauya. Daga ƙananan kasuwanni yakan bi hannun dillalai zuwa sito-sito na manyan garuruwa, inda akwai jari da tsaro. Idan damina ta faɗi, sai ya kamo hanyar komawa, ɗauke da ribar ɗan kasuwa da kuɗin mota da kuma ladar kasadar direba.

Kasadar ba ƙarama ba ce. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka kuma katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar. A watan Oktoba aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. A watan Disamba aka ƙona fasinjoji sama da 20 a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya aka sace shi, ya kuma rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Kowane irin wannan hari yana rage motocin da ke shiga yankin, kuma ƙarancin mota a farashin tiya yake bayyana.

Maƙwabta sun taɓa ganin irin wannan. A yunwar da ta auka wa Nijar a 2005, wadda ta yi tsanani a jihar Maraɗi, akwai hatsi a kasuwa. Kuɗin sayensa ne talaka ya rasa.

Ajiya ce ko ɓoyewa?

A watan Fabrairun 2024, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa a Minna da Kano, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta jihar Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta garƙame wasu rumbunan 'yan kasuwa a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Gwamnatin tarayya ta umarci jami'an tsaro su farauci masu ɓoyewa, ta kuma ce za ta fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta. 'Yan kasuwar sun musanta zargin.

Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance abubuwan biyu. Tanadin abincin shekara domin iyali halal ne, haka ma manomi ya riƙe abin da ya noma. Abin da aka hana shi ne saye abinci daga kasuwa a danne shi lokacin da jama'a ke cikin matsi domin farashi ya ƙara hawa. A aikace, iyakar tana da wuyar ganewa, domin dole wani ya riƙe hatsin Oktoba zuwa Agusta, in ba haka ba kasuwa ta bushe da damina. Tambayar da samamen Dawanau bai amsa ba ita ce: me ya sa ajiyar ta tattara a hannun 'yan ƙalilan? Wani ɓangare na amsar yana ƙauyuka irin na Isa da Sabon Birni, inda dubban ƙananan rumbuna suka daina aiki.

Ko ga mai hali, ajiya kasada ce

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya sauka a kasuwannin Arewa, masu ajiyar da suka saya da tsada suna jiran ya ƙara hawa suka tafka asara. Mai saye a birni ya ɗan sami sauƙi, manomi kuwa ya sayar da araha alhali taki bai sauko ba. Hasashen Cadre Harmonisé na ƙarshen 2024 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 33 a Najeriya za su fuskanci matsananciyar yunwa tsakanin Yuni da Agustan 2025.

Akwai kuma ƙwari da danshi. Wake ya fi saurin lalacewa, masarar da ba ta bushe sosai ba takan yi hunhuna mai guba. Wasu kan zuba wa wake maganin ƙwari irin su Sniper, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Buhun PICS mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwari ta hanyar hana iska shiga, ba tare da magani ba. Yana maganin ƙwaro, amma ba ya maganin mai bindiga.

Abin da za a iya yi

A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta taimaka wajen yaɗa wani tsari: manoma su haɗa hatsinsu a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. Su karɓi bashi a kan hatsin da kaka, su biya idan farashi ya tashi, ribar ta zauna a wurinsu. Irin wannan sito, idan aka kafa shi a hedikwatar ƙaramar hukuma inda akwai jami'an tsaro, zai iya warware matsalar jari da ta wurin ajiya a lokaci guda. Sharaɗi na uku kuwa, wato mutum ya kwana a garinsu ya tashi lafiya, babu ƙungiyar manoman da za ta samar da shi. Wannan aikin gwamnati ne.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, buhunan tallafi za su yawaita, hotunan rabo ma haka. Akwai tambayoyin da suka fi hoto amfani: buhu nawa ne daga hatsin gwamnati ya isa Isa da Sabon Birni, kuma wa ya karɓa? Wane tanadi aka yi na tsare gonaki da hanyoyi a watannin girbi? Ƙauyuka nawa ne har yanzu suke biyan haraji kafin su yi shuka? Alƙaluman hauhawar farashi na iya sauka a Abuja, amma ma'aunin da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne yawan magidantan da suka sake amincewa su zuba gero a rumbu da kaka, su bar shi har watan Yuli.