Ziyarar Tsohon Birni Mai Ganuwa: Misali Daga Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana abin da ya kamata mai yawon buɗe ido ya lura da shi idan ya ziyarci tsohon birni a ƙasar Hausa. Wanda ya je Karkason ta ƙasar Faransa zai tarar da ganuwar dutse a tsaye, domin an gyara ta a ƙarni na 19, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1997. Ganuwarmu kuwa ta ƙasa ce, saboda haka ziyararta tana bukatar ido da kunne duka.

Ma'anar Kalmomi

A Hausa ba kowane gari ake kira birni ba. Asalin birni shi ne garin da aka kewaye da ganuwa, watau katanga mai kauri wadda aka gina da tubali da jar ƙasa. Ramin da aka haƙa a bayanta, wanda daga cikinsa aka ɗebi ƙasar ginin, shi ne gwalalo, kuma akan bar sarƙaƙiya ta cika shi don ta tsare dawakin abokan gaba. Ƙaramin garin da aka kewaye da itatuwa shi ne kafi. Don haka sunaye irin su Birnin Kudu da Kafin Gana sun riga sun gaya wa baƙo irin tsaron da wurin ya taɓa yi.

Dalilin Ganuwa a Kudancin Kano

Kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, Birnin Kudu da Gwaram suna cikin ƙasar Kano ne, a gefenta na kudu maso gabas, daura da duwatsun Ningi. Daga tsakiyar ƙarni na 19 Ningawa suka matsa wa wannan yanki da hari, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau mulki a 1855. Garuruwan bakin iyaka su ne garkuwar Kano. Shi ya sa akan kewaye fili mai yawa, har da gonaki da rijiyoyi, domin mutanen ƙauyuka su shigo da dabbobinsu idan an yi gangami.

Ganuwar ƙasa tana rayuwa ne da yaɓe. Bayan kowace damina akan raba wa unguwanni da ƙauyuka aikin gyaranta. Da Turawa suka ci Kano a 1903 aka daina hare-hare, sai gayya ta mutu, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka shiga cin ganuwa. Ko ta Kano, wadda Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gina ta, ba ta tsira ba.

Abin da Baƙo Zai Duba

Da farko, ya fara da fadar hakimi ya yi gaisuwa, ya nemi a haɗa shi da dattijon da ya san gari. Na biyu, ya tambayi sunayen ƙofofi, domin sau da yawa ƙofa takan rushe sunanta ya zauna a kan unguwa, kuma sunan yakan nuna hanyar da ta nufa ko sana'ar da ake yi kusa da ita. Na uku, ya lura da tudu mai tsawo da kududdufai a jere, domin su ne sawun ganuwa da gwalalo. A Gwaram, bambancin da ake yi tsakanin Gwaram Tsohuwa da Sabuwa shi zai nuna masa inda zai fara.

Har ila yau, kada ya bar Birnin Kudu bai je Dutsen Habude da Dutsen Mesa ba. A cikin kogunansu akwai zanen shanu, har da marasa tozo, irin waɗanda makiyayan yankin ba sa kiwo a yau, ga kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a 1956 da 1957. Wannan shaida ce cewa duwatsun sun tara mutane tun da daɗewa, kuma a gindinsu birnin ya kafu.

Kammalawa

Abin da ke cikin haɗari a yau ya wuce katanga. Kowane dattijo da ya rasu yakan tafi da sunan wata ƙofa da labarin wani hari. Ya kamata malamai da ɗalibai masu zurfin karatu su mai da ziyararsu ta zama aiki: su auna abin da ya rage, su zana taswirarsa, su ɗauki muryar masu ba da labari, su kuma ajiye kofi a makarantun garin, domin 'ya'yan birnin su san inda iyakarsa ta tsaya.