Ko ka san don lemon tsami aka ƙera na'urar auna tsami?

Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san tsami yana da makashinsa, kuma harshenta ne ma'auninta. Masanin sinadarai kuwa ba ya lasar abin da ke cikin kwalabensa, dole ya nemi na'ura.

A 1934 Arnold Beckman, malami a jami'ar Caltech ta Amurka, ya haɗa wannan na'ura domin wani abokinsa mai aiki da manoman lemo na Kalifoniya. Ɗan ƙoƙon gilashi ne marar kauri ake tsomawa a ruwa. Tsamin ya haifar da ɗan lantarki kaɗan, na'urar ta ƙarfafa shi, ta nuna lamba a ma'aunin pH: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama kuwa ɓangaren kanwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a gaskata na'urar sai an saita ta da ruwan bafa, galibi mai lamba 4, 7 ko 10. Bafa ruwa ne mai taurin kai: ka ɗiga masa tsami ko soda kaɗan, lambarsa da ƙyar take motsawa.

Hanya ɗaya ta haɗa shi ita ce a ɗauki asid mai rauni, a kashe wani sashe nasa da soda mai ƙarfi, irin wadda masu haɗa sabulu ke saye. Sashe kawai, ba duka ba. Asid ɗin da ya rage zai tare duk sodar da ta shigo, gishirin da aka samu kuma ya tare tsami.

To, soda nawa? Ɗauki asid ɗin binega giram 6, wato mol 0.1 a ma'aunin masana sinadarai, a ruwan da za a cika lita ɗaya. Wannan asid yana da lambarsa ta gado, 4.76. Idan pH 4.76 kake so, rabinsa za ka kashe: mol 0.05 na soda, giram 2 ke nan, tunda mol ɗaya na soda giram 40 ne. Idan 5.76 kake so, gishiri zai ninka asid sau goma, sodar ta zama kusan giram 3.6. Ka kai giram 4, asid ya ƙare, taurin kan ya tafi, ɗigo guda sai ya harba lambar sama.

Soda tana shan danshin iska tun tana kan sikeli, zafin ɗaki ma yana taɓa lambar. Shi ya sa mai haɗawa, sanye da safar hannu da tabarau, yake rage ɗan ruwan sodarsa, ya tsoma gilashin, ya riƙa ɗigawa yana juyawa har lambar ta tsaya inda yake so.