Kafin a Goge Kwamfuta, a Duba Waya

A ofisoshi, da shagunan buga takardu, da cibiyoyin da ake rubuta jarrabawar JAMB, kwamfutar tebur yawanci ta waya take haɗuwa da 'yan uwanta da kuma intanet. Ranar da ta ƙi shiga, maganar da ke saurin fitowa daga bakin wasu masu gyara ita ce "sai an yi fomatin". A goge Windows, a sake zubawa, takardun shekara da shekaru su salwanta, sannan a tarar matsalar tana nan daram, domin tun farko ba a cikin manhaja take ba. Wannan ɓarna tana ci mini rai, don sau da yawa ido da hannu sun isa su gano inda hanyar ta yanke.

Tsarin da wayar ke aiki da shi sunansa Ethernet. Robert Metcalfe ya tsara shi a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, shi da David Boggs suka gina shi, kuma a 1983 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da shi a matsayin ƙa'ida mai lamba 802.3. Wayar da muke amfani da ita yau, irin su Cat5e da Cat6, in ka fere bawonta za ka ga sirara takwas masu launi, an murɗe su bibbiyu. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke kare saƙo daga hayaniyar lantarkin da ke kewaye. Iyakar tsawon da ƙa'ida ta yarje wa wayar mita 100 ne. Wanda ya ja ta fiye da haka ba tare da suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna, a tsakani ba, kada ya yi mamaki in haɗin yana zuwa yana ɗaukewa.

Don haka a fara da sunkuyawa bayan kwamfuta. A bakin ramin da wayar ke shiga akwai ƙananan fitilu, galibi kore da ruwan lemo. In babu wadda ke ci, kwamfutar ba ta ma san akwai wani abu a ɗaya ƙarshen ba. A zare kan wayar a mayar har a ji ya ce ƙas. Ɗan harshen robar da ke riƙe shi yana saurin karyewa, kuma da ya karye, taɓin ƙafar mai shara kawai ya isa ya sassauta shi. A bi wayar da hannu daga farko har ƙarshe: ƙofa kan matse ta, ɓera kan ci ta a cikin silin, wani kuma ya ɗaure ta jiki da jiki da wayar janareta. A gwada wata wayar da aka tabbatar tana aiki, a sauya rami a jikin rawuta, wato na'urar da ke raba wa kwamfutoci intanet.

Akwai wata cuta mai ɓoyuwa a nan. Gudun megabit 100 sirara huɗu kawai yake bukata, amma gudun gigabit sai da takwas ɗin duka. In ɗaya daga cikin ragowar huɗun ta tsinke, ko ba a matse ta da kyau ba lokacin ɗaura kai, haɗin ba zai mutu ba, sai dai ya koma kashi ɗaya cikin goma na gudunsa, mai ofis ya yi ta zagin kamfanin intanet. Ɗan abin gwajin waya mai fitilu takwas yana tona wannan nan take, kuma bai kamata a ce mai gyara yana yawo ba shi a jaka ba. Haka wayar arha da ta cika kasuwa, wadda alminiyon ce aka shafa wa tagulla: kankare ta da wuƙa, za ka ga fari a ciki. Tana karyewa da wuri, kuma ba ta jure doguwar tafiya.

Da damina kuwa, tsawa kan bi wayar da aka ratsa tsakanin gini da gini ta ƙone ramin kwamfuta. Sauran jikinta lafiya lau, ramin kaɗai ya mutu. Ƙaramin mahaɗi na USB mai ramin Ethernet ya wadatar, ba sai an sayi sabuwar kwamfuta ba.

In fitilu suna ci amma shafi ba ya buɗewa, sai a tambayi adireshi. A buɗe baƙin allon umarni na Windows a rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 192.168 yawanci alama ce rawuta ta ba kwamfutar lamba. Wanda ya fara da 169.254 kuwa, kwamfutar ce ta raɗa wa kanta bayan ta nema ba a ba ta ba. Hakan kan faru bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, kwamfuta ta riga rawuta tashi. Umarnin ipconfig /release sannan ipconfig /renew yakan warware shi. In ofis duka ne ya tsaya cak lokaci guda, a duba ko wani ya soka kawunan waya ɗaya duka biyu a jikin suwic guda. Saƙo zai yi ta kewaye har ya toshe kowa.

Daga nan sai ping, ɗan umarnin da Mike Muuss ya rubuta a 1983. Sallama ce: ka yi, ka saurari amsa. A fara da adireshin rawuta, wanda ipconfig ya riga ya nuna. In ta amsa, cikin gida lafiya. A wuce zuwa 8.8.8.8 na Google. In lambar ta amsa amma google.com ya ƙi, laifin na DNS ne, tsarin da ke mayar da sunan shafi lamba, kuma sauya shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na Cloudflare aikin ɗan lokaci ne. A kuma leƙa agogon kwamfutar. Tsofaffin kwamfutocin da ake shigo mana da su suna zuwa da ɗan batirin CR2032 da ya gaji. Kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka su yi ta kukan rashin tsaro alhali waya ba ta da laifin komai.

In rawuta ta amsa amma duk abin da ke bayanta shiru, matsalar ta fita daga ɗakin. A ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da Kwaddibuwa, har hada-hadar wasu bankuna ta tsaya. Babu mai gyaran da zai iya taɓuka komai a ranar daga bayan tebur. Abin da ke hannunsa a irin wannan hali shi ne ya haɗa wayar salula da rawutar ta Wi-Fi; in ita ma ta kasa shiga, ya duba ko data ce ta ƙare, sannan ya kira kamfanin da ke ba ofishin intanet.